Amsar Dada a Bakin Binuwai

Mairam na cikin shimfiɗa tabarma a kan tudun bakin ruwa Dada Aminatu ta gama yanke hukuncin cewa ɗanta ya lalace. Mutum da gidansa, da zaurensa, da inuwar mangwaro a tsakar gida, ya kwaso iyali da kwanuka tun daga unguwar Makama ta Yola har bakin Binuwai a Jimeta, wai a zauna a ƙasa a ci abinci ana kallon ruwa. Fikinik sunan abin, in ji shi. A wajen Turawan ofishinsu ya gani. Su Turawan sun tattara nasu ya nasu sun tafi, sun bar shi da gajeren wando da safa har gwiwa, yana ta fama da gwangwanin kifi alhali ga kifi ɗanye can ana saukewa daga kwalekwale.

Bobboyi ɗanta ne na fari, saboda haka sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce akawun nan. Gobe kuma akawun nan zai haye feri, jirgin fiton motoci, da matarsa Mairam da yaransu, sai Maiduguri. Tun da aka yanka jihohi aka ce can ce hedikwata, duk wanda ya iya riƙe biro sai a kira shi.

Dada so take a tafi da ita. So take har yana hana ta cin abinci. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata suna gidajen aurensu a Bako da Mbamoi, jikokin da take kwana tana tashi tana yi wa faɗa su ne hayaniyar gidan gaba ɗaya. Har awakinta ta sayar, ta ce wa maƙwabta ɓarna suka cika yi.

Ba a ce bai tambaye ta ba. Ya tambaya, farkon damina, yana tsaye a ƙofar ɗakinta riƙe da kekensa, ko za ta bi su ko za ta zauna, kamar mai tambayar ko a ƙara mata sukari. Ta ba shi amsar da duk matar da ta sami tarbiyya za ta bayar: me za ta je yi a Barno, ƙasar da ko inuwar kirki babu? Yaron goye a Makama ya san wannan ba amsa ba ce. Sai an dawo, an sake, an turo babban mutum ya roƙa, sannan uwa ta tashi kamar an tilasta mata. Shi kuwa ya ce to, ya haye keke ya tafi ofis. Abin da boko ya bar mata ke nan.

Da aka ba yara hutu sai ya ɓullo da yawon sallama da gari. Yau tafkin Geriyo, gobe filin jirgi a tsaya a rana ana jiran jirgi ya sauka, jibi shagon mai hoto a ce kowa ya daina numfashi. Duk inda aka nufa Dada tana ciki, tana tsaki tana kushe komai, tana kuma kasa kunne ko zai sake tada maganar. Bai sake ba.

Ana cikin raba burodi sai ga Malam Laminu, mahaifin Mairam, mai sayar da kanwa da banda a kasuwar Jimeta, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Mairam ta tare shi tun daga nesa, ta durƙusa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, tana satar kallon surukarta. Murna ta kama Dada. Ashe yarinyar nan ta fi mijinta hankali. Ga babban mutum an turo. Nan take ta yafe mata gishirin da take zabgawa a miya. Ta gyara mayafi, ta shirya amsarta tsaf: tunda kai ka sa baki, Malam, ni ba ni da ta cewa.

Malam Laminu ya zauna, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi damina, aka tambayi ƙafa. Mata masu sayar da kifi sun matso suna kallon masu cin abinci a ƙasa. Nicodemus, direban motar da za ta kwashi kaya gobe, shi ma yana gefe da burodinsa a hannu.

Matsalar ɗaya ce. Malam Laminu Babarbare ne, Dada kuwa Bafulatana. Tun kaka da kakanni ba a taɓa jin Babarbare ya buɗe baki ya yi wa Bafulatani magana a miƙe ba, ko da a gidan makoki ne.

"Fulata," in ji shi, da muryar da yake kiran masu ciniki, "an ce za a bar ki kina gadin kaji. Tashi ki bi iyayen gidanki. Muna da ɗakin bayi a Barno, ba za ki rasa tuwo ba, ke dai ki iya shara."

Masu kifi suka yi shewa, suka juyo gaba ɗaya suna jiran ta bakinta. Amsar da ta shirya tana nan a kan harshenta. Amma ta yaya za ta ce ba ta da ta cewa, Babarbare ya kira ta baiwa a gaban matan kasuwa? Kafin magariba labarin ya kai Makama. Harshen nan kuma shekara da shekaru bai taɓa barin bashin irin wannan ya kwana ba. Kafin ta tsai da shi ya riga ya tafi.

"Malam Laminu, in Barno daɗi gare ta, me ya zaunar da kai a nan kana shanye mana Binuwai? Da jaki ɗaya ka zo, ƙura har cikin kunne, mu muka nuna maka yadda ake wanka. Ni in bi bawana zuwa garinsu? Gara a binne ni a Makama da raina."

Bakin ruwa ya kaure da dariya. Nicodemus ya ƙware da burodi. Wata mai kifi ta ce a maimaita mata wurin wankan. Malam Laminu ya yi dariya har yana share hawaye da hannun riga, ya yarda yau an kayar da shi, ya juya ya ce wa 'yarsa ta dai ji da kunnenta, shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Bobboyi ya fi kowa jin daɗi. Ya dubi direba yana washe baki, ya ce ai ya gaya musu, mahaifiyarsa 'yar Yola ce ta asali, ko da igiya ba a fitar da ita. Mairam ce ta nace a bar kujerar gaban mota, ko Dada za ta canza ra'ayi. Tunda magana ta ƙare, sai a ɗora keken ɗinkin Mairam a wurin, kada gargadar hanya ta karya shi a baya.

Mairam kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai tana tattara kwanuka.

Da rana ta yi sanyi Bobboyi ya zo ya tsuguna a gaban uwarsa. Ya ce ba sai ta wahalar da ƙafarta zuwa bakin feri gobe ba, sammako za su yi, gara a yi sallama yanzu. Dada ba ta dube shi ba, ba a kallon ɗan fari a ido. Ta tsura wa ferin ido, yana tsakiyar ruwa da mota a kansa.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce.

Sannan ta juya wajen Mairam.

"A lulluɓe keken ɗinkin nan da kyau. Damina ce."