Lefen da Aka Riga Mu Buɗewa

Tun ranar da Abdulrauf ya ce shi zai haɗa lefensa ta waya hankalina bai kwanta ba. Ƙanena ne, ni na goya shi, kuma tun da Innarmu ta rasu ni ce uwar. Na ce, "Kai, lefe fa ba cajar waya ba ce. Mata ake turawa Kano su taɓa zani da hannunsu, su ɗaga shi a rana." Ya yi dariya ya ce, "Yaya Lauratu, an wuce nan. Yanzu dannawa ake, a kawo maka har ƙofar gida."

Wannan magana ba tasa ba ce. Ta wani mutum ce da yake kallo a waya, wai shi Mai Kwali. Sana'arsa ke nan, ya zauna gaban tebur da 'yar wuƙa, ya farke kwalin sabuwar waya, ya jujjuya ta, ya faɗi kyanta ya faɗi aibunta. Ni dai ban ga abin burgewa ba ga ƙato da gemunsa yana shinshina leda. Amma Abdulrauf ko tuwo yake ci, mutumin nan yana jingine da kwanon miya yana zuba. Da can gidan kallon ƙwallo ne ba ya wuce shi. Yanzu mai gidan kallon unguwarmu ma ya tattara bencinansa ya koma sayar da ƙanƙara.

Dangin Fiddausi, yarinyar da yake so tun suna kwaleji, sun riga sun sa ranar da za mu kai musu kaya Aujara. Kaya kuwa sai zuwa suke guntu-guntu. Yau ɗan acaɓa ya kira yana neman kwatance, gobe a ce mota ta tsaya a hanya. Na kasa zaune na kasa tsaye, ko a aji nake koyarwa kunnena yana kan waya. Duk abin da ya iso sai ya shige da shi ɗaki ya turo ƙofa, wai shiri yake. Da ya fito min da akwatunan ana gobe tafiya, na duba na ga ba laifi, na yi hamdala.

Da safe muka kama hanya, ni da gwaggonninmu da Tabitha, maƙwabciyata da ke aiki a sakatariya. Na ɗauko ta ne don ta iya baki a taro. Ba mu yi nisa da Dutse ba ta taɓo ni.

"Lauratu, ashe ɗan gidanki ya zama tauraro ba labari?"

"Tauraron me?"

Ta miƙo min wayarta. Ga Abdulrauf zaune a ɗakinsa gaban tebur, da wuƙar yankan albasata a hannu. Har muryar Mai Kwali ya aro. "Jama'a barkanmu, yau lefe za mu buɗe, kuma kun san ni, gaskiya zan faɗa muku." Ya ɗaga atamfa ya ce ba ta kai yadda take a hoto ba, da alama za ta zuba in ta ji ruwa. Ya ɗaga leshi ya ce na masu ƙaramin ƙarfi ne amma daga nesa ba mai ganewa. Bai tsaya nan ba. Har ƙaramin akwatin nan da ko mata a tsakaninsu leƙawa kawai suke su rufe, ya zazzage shi a tebur yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya.

Na mayar mata da wayar. Na ce, "Mutum nawa suka gani?"

Tabitha ta ce, "Ni a rukunin matan ofis aka turo. Gaskiya ya iya bayani, ya fi wancan mai gemun ma. Amma ni ko jakata ba zan yarda a buɗe haka ba."

Na kira shi, waya a kashe. Na sake kira. Na ce direba ya tsaya, ya tsaya, na rasa abin da zan yi da tsayuwar na ce mu tafi. Duk hanya addu'a ɗaya nake, Allah Ya sa Aujara ba sabis.

Mun tarar an share tsakar gida an shimfiɗa tabarmi har bakin zaure. Ga waina, ga zoɓo a manyan robobi, abincin unguwa guda. Sai dai tabarmin ba kowa. Inda aka saba mata su cika gida ana turereniyar ganin lefe, tsofaffi ne kawai 'yan kaɗan a gindin bango. Ko guɗa ba a yi mana ba.

Gwaggo Ikilima, ƙanwar mahaifin Fiddausi, ita ce mai karɓar kaya. Ta amsa gaisuwa da mutunci, ta sa aka ba mu ruwa. Na jawo babban akwati na zuge.

Ta sa yatsa biyu ta ɗago atamfar sama. "Wannan ce mai zuba in ta ji ruwa?"

Na ce, "Gwaggo, ƙuruciya ce, a yi haƙuri."

"Wannan kuma shi ne wanda ba a ganewa daga nesa." Ta mayar ta ninke shi tsaf. "'Yata, ba kaya ne suka dame mu ba. Da atamfa ɗaya kuka kawo a ƙunshe, wallahi da mun yi guɗa. Uwar yarinyar nan tun asuba take kan murhu don maƙwabta su zo su taya ta gani. Kowa ya aiko cewa ya gani a waya. Fiddausi kuwa tun da 'yan shago suka fara faɗa mata launin abin da ke cikin ƙaramin akwati ba ta sake leƙa waje ba."

Tabitha da na ɗauko don baki, sai ta shiga gyaran ɗankwalinta.

Gwaggo ta zuge akwatin ta rufe da kanta. "Mahaifinta ya ce a tambaye ku. Wanda ya buɗe wa duniya wannan tun ba a ba shi ita ba, in ta shiga ɗakinsa me zai rage mata? In kun samo amsa ku dawo da kayan."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne ban ga inda ta yi kuskure ba.

Mun fito gari ke nan wayata ta yi ƙara. Abdulrauf ne, muryarsa fes, wai caji ne ya ƙare.

"Yaya, yaya aka yi? Don Allah kin ɗaukar min bidiyon lokacin da suka buɗe? Mutane sai tambaya suke, suna jiran kashi na biyu."

Na waiwaya. Akwatunan suna bayana, suna gwaruwa da juna duk ramin da muka faɗa.

Na ce, "Ka share ɗakinka, Abdulrauf. Ga kayanka nan muna dawo maka da su."