Ba a Tambayar Namiji

Ni fa tun farko ban so zuwa karatun nan na zaman aure ba. Ga koko da zan dama, ga wake a jiƙe, wa ke da lokacin zama a benci? Amma surukata Mma Sala ta ce duk matan gidanmu na unguwar Maamobi za su je, ni kaɗai ce zan zama saniyar ware? Haka na ja mayafi na bi su makarantar bayan masallaci ina ƙunƙuni.

Mai ba da karatun Malam Faisal ne, wani matashi mai tabarau da ya dawo daga jami'a da ilimin halayyar ɗan Adam. Mata da safe, maza bayan la'asar. Ya zana kawuna biyu a allo, ya ce ƙwaƙwalwar mace da magana take samun sauƙi, ta namiji kuwa da shiru. "In kin ga maigidanki ya yi tsit," in ji shi, "gyaran cikinsa yake yi. Kada ki tambaye shi. Tambayarki kamar buɗe tukunyar tuwo ce kafin ya sulala." Mata suka ɗauki kabbara. Wallahi har ni sai da na gyaɗa kai, don maganar ta yi daɗi a kunne.

Da mijina Mubashir ya dawo daga nasu karatun na ce ya ba ni labari. Ya yi dariya ya ce, "An ce ku tsoro ne ya yi muku yawa a kai. In mun gaya muku damuwa ɗaya sai ku haifa mata 'ya'ya goma. Don haka namiji ya haɗiye abinsa." Na ce to madalla, ni an hana ni tambaya, kai an hana ka faɗa, sai mu zauna lafiya kamar kurame. Muka yi ta dariya. Lokacin lafiyarsa ƙalau.

Mubashir direban babbar mota ne, yana ɗauko doya daga Bimbilla can arewa ya sauke a kasuwar Agbogbloshie. Bayan damina na fara lura da abubuwa. Zai zuba shayi, rabi a kofi, rabi a tabarma. Takalmansa a bakin ƙofa sai ya laluba da ƙafa. Wata rana da rana tsaka ya shigo tsakar gida ya yi wa rigar maƙwabcinmu da ke shanye a igiya sallama, har da tambayar iyali. Matan gida suka fashe da dariya, shi ma ya taya su, wai wasa yake. Ni ban yi dariya ba.

Tafiyar da ta biyo baya ya dawo babu madubin gefe, ƙofar motar a lotse, ga shuɗin fenti a jikinta. Ya ce saniya ce. Saniya mai fentin shuɗi!

Ɗakinmu ɗaya ne, labule ya raba mu da 'yarmu Humaira, bangon kuwa in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu. A ina zan yi maganar? A tsakar gida kunnuwa sun fi bokitai yawa. Kuma direban da aka ce ba ya gani ya gama tuƙi, wannan ko yaro ya sani. Sai na je wurin uwarsa.

"Mma, idon ɗanki."

"Shi ya gaya miki?"

"A'a."

"To rufe min baki, Zuera, kada ki ja masa da mugun baki. Ba tare muka ji Malam ba? Namiji ne, ya san abin da yake yi."

Na haɗiye, na fita. Washegari na rufe koko da wuri na tare Malam Faisal a ƙofar makaranta. Gaskiya ya saurare ni da ladabi, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Yaya Zuera, ƙwaƙwalwar mace tana hango haɗari tun bai zo ba, har inda babu shi. Baiwa ce, don renon yara aka ba ku. Ki ba shi lokaci, zai fito da kansa."

Na ce, "Malam, in ya fito a makara fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kin gani ko? Abin da nake faɗa ke nan."

Kai! Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. In na yi shiru, na bi karatu. In na yi kuka, na tabbatar da karatu. Duk ƙofar da na tura sai in tarar da Malam Faisal a bayanta da allonsa. Na koma gida ina tafe ina zagin kaina a kan gadar kwata, har wata mai sayar da ruwa ta ɗauka da ita nake.

Duk da haka na tambaye shi. Da hantsi ne, gida ya watse, Humaira na makaranta. Na rage murya na ce, "Baban Humaira, lafiyar idonka kuwa?"

"Ƙura ce."

"Ƙura tun damina?"

Ya kau da kai gefe. Sannan ya ce, "Zuera, ke ma fa kin ji. Ba a tambaya."

Da tsawa ya yi min da na rama, Allah ya sani bakina ba ya ciwo. Amma roƙo ne a muryarsa. Mutumin da ya haura shekara ashirin a bisa hanya yana roƙona kada in sa shi ya faɗi abin da shi kansa yake tsoro. Wai mu ne masu tsoro! Na tashi na shiga wanke tukwane, ina wanki ina hawaye.

Ranar da zai koma arewa ya yi wanka, ya sha kokonsa, ya shafa kan Humaira ya fita. Na zauna a bakin hanya ina zuba wa mutane koko. Wannan ya ce in ƙara sukari, wancan ya ce ban da gyaɗa, ni kuwa ba abin da nake gani a raina sai hanyar Kintampo da zai bi, da manyan motocin da ke saukowa. Can na miƙa wa maƙwabciyata Awabu ludayi na ce ta riƙe min, na tari torotoro, motar haya, sai Agbogbloshie.

Kasuwar na cike kamar kullum, masu dako da kwanoni a kai, ɓawon doya da caɓi a ƙasa. Na hango motarsa a bakin mafita, yana zaune a ciki shi kaɗai, injin na ruri, wasu motoci biyu a bayansa suna jira ya fita. Ban yi shawara da kowa ba. Na je na tsaya a gaban motar, tsakiyar hanya, inda ko jariri zai gane uwarsa. Atamfar da ya sayo min da Sallah ce a jikina.

Ya dube ni. Ido cikin ido, wallahi. Ya danna hon. Ya leƙo ta taga ya yi min tsawa da yaren Twi, da ya ga ban motsa ba ya juya Hausa.

"Madam, matsa mana! Ko kin gaji da duniya ne?"

Madam. Ni da na haifa masa 'ya. Na ci gaba da tsayuwa a wurin. Direbobi sun fara taruwa, wani na cewa mahaukaciya ce, a janye ta. Kalma ɗaya zan faɗa a nan in kashe shi a tsaye a gaban abokan sana'arsa, kuma ba zan iya ba. Matsawa ma ba zan iya ba.

Sai na zagaya, na kama ƙarfe, na tattare zanina na haye. Na buɗe ƙofa na zauna kusa da shi na rufo. Ya juyo a fusace, ya matso da fuskarsa dab da tawa, sai na ga bakinsa ya saki.

"Zuera?"

"Ban zo tambaya ba," na ce. "An hana. Ja mota mu tafi. In hanyar ta yi maka, ni ma ta yi min. Humaira tana da kaka."

Na baya suka dame mu da hon. Wani yana dukan ƙofa da tafin hannu yana kiran sunansa. Mubashir ya ɗora hannu a kan giya, ya ɗauke, ya sake ɗorawa. Gumi na bin wuyansa. Ni kuwa na kafe idona a gaba, na naɗe hannuwa a ƙirji.

Ya kashe injin.

"Zuera," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "ba na ganin hanya."