Hancin Leokadia

Leokadia ta gane mijinta ya rasa hancinsa ranar da wainar dankali ta ƙone ƙurmus a kasko, hayaƙi ya cika ɗakin girki, shi kuwa Bronek yana zaune ya juya wa murhu baya yana gyaran takalmi hankali kwance. Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi lokacin sanyi ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari, kuma bai gaya wa kowa ba.

Da a ce wani mutum ne, da abin da sauƙi. Amma Bronek shi ne mai dafa bimba a ƙauyen, barasar hatsin rai da ake yi a ɓoye cikin daji, kuma aikin nan kaf da hanci ake yin sa. Ga bikin jikarsu Jagoda ya matso. Uban ango, Waldemar, wanda ke aiki a masana'antar barasar bodka a birnin Białystok, har ya zo da tayinsa.

"Baba, ka huta. Zan kawo tamu katan-katan. Ka buɗe kwalba dubu, duk ɗanɗanonsu ɗaya, babu ƙamshi babu wari."

"To ka ba su ruwan famfo mana," in ji Bronek. "Shi ma ai ba ya wari."

An yi dariya, amma Leokadia ba ta yi ba. Ta san in aka ɗora kwalaben kanti a teburin bikin jikar Bronek, kowa a ƙauyen zai gane tasa ta ƙare. In kuma ya dafa a makance ya shayar da mutane abin da zai cuce su, wannan ya fi muni.

Ita dai tun aurensu ba ta taɓa taka wurin dahuwar ba. Ta tsani sana'ar nan tsana ta gaske, har limamin coci ya gaji da jin ƙorafinta. Sai ga shi da safiyar Talata ta ɗaura ɗankwali ta saka takalmin roba.

"Ina za ki, tsohuwa?"

"Zan je in ga abin da ya hana ka zaman gida shekara da shekaru. Wuce gaba, mai hancin katako."

Ya tsaya ya dube ta. Bai musa ba, ya wuce.

Wurin yana bakin wani ƙaramin rafi, ƙarƙashin dogayen itatuwa. Ta zaci za ta tarar da ƙazanta, sai ta ga tukunyar jan ƙarfe tana sheƙi, ta fi tukwanen gidanta tsabta, abin har ya ɗan ba ta haushi. Bututu ya fito daga kan tukunyar, ya nannaɗe cikin gangar da ruwan rafi ke ratsawa. Bronek ya juye tsimin hatsi, ya liƙe murfin da ƙullun fulawa, ya hura wuta kaɗan-kaɗan, yana zare itace yana mayarwa.

"Ki saurara da kyau," ya ce. "Abin da zai fara ɗigowa shi ne kai. Dafi ne, ƙasa ake ba shi. Bayansa zuciya, ita muke so. Daga ƙarshe wutsiya. Babu ƙararrawar da za ta buga a tsakani. Ke za ki faɗa."

"In na yi kuskure fa?"

"Sai a kwashi 'yan biki zuwa asibiti, a ce girkinki ne."

Ta harare shi.

Can sai ɗigo ya fara, ɗis, ɗis, fari tas kamar hawaye. Ya tara mata a cokali. Ta sunsuna ta yi baya da sauri.

"Kai! Fenti!"

Ya watsar a ƙasa. Suka ci gaba a haka, yana tarawa tana sunsunawa yana zubarwa. Da aka jima ya fara ƙosawa.

"Yanzu kam ya isa. A irin wannan lokacin nake fara tarawa."

"Bai isa ba. Har yanzu yana cizo a can ƙasan hanci."

"Tsohuwa, rabin hatsina fa kike shayar da tururuwa."

"To tara ka sha kai kaɗai, in dawo gida da takaba."

Ya yi ƙwafa ya zubar. Cokali na gaba ma ta ƙi. Na bayansa kuwa, da ta kai hanci, sai ta sake sunsunawa.

Ƙamshin burodi ne ya fara zuwa, ɓawonsa lokacin da aka ciro shi daga tanda. A bayansa ga gonar kanta, gonarsu ta gefen tudu, da la'asar bayan yayyafi, lokacin da zangarniya ta sunkuya. Har ƙurar masussuka ta ji, da wani ɗan zaƙi kamar na busasshen tuffa. Ta dubi cokalin. Ruwa ne fari, ana ganin ƙasan cokali ta cikinsa. Ta rasa inda gona guda ta ɓuya a ciki. Tsigar jikinta ta tashi, ta yi alamar gicciye ba tare da ta sani ba.

"Bronek," ta ce a hankali. "Kawo tulu."

Ya tura tulun ƙarƙashin bututu. Suka zauna kan kututture, ɗigon ya zama siririn zare, rana ta hau. Lokaci-lokaci tana tarawa tana sunsunawa, kowane cokali da ɗan bambancinsa, mamakinta bai ragu ba. Bayan azahar ƙamshin ya fara dusashewa, sai wani wari ya kutso, na jiƙaƙƙen kare.

"Janye! Janye tulun!"

Ya janye da sauri irin na saurayi. Ita kuwa ta tsaya riƙe da cokalin, domin wannan warin ta san shi sarai. Shi ne yake dawowa da shi a riga duk ranar dahuwa, bayan ya wanke tukunya. Shi take ta dirzawa a baho tana tsine wa sana'ar. Ashe duk zaman nan wutsiya kaɗai take sani. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Bronek ya ɗebi kaɗan daga tulun a ƙaramin kofi, ya kai hanci, ya ja numfashi har kafaɗunsa suka ɗaga. Ya sake ja. Sannan ya miƙa mata, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Yaya ta bana?"

"Burodi," ta ce. "Da gonar tudu, bayan ruwa."

Ya rufe ido. "Akwai tuffa?"

"Akwai, can ƙarshe."

"Ta babana ma haka take yi a shekarar da ruwa ya wadata." Wannan karon bai ce mata tsohuwa ba, ya kira ta da sunanta na gida. "Sake sunsunawa, Lodzia. Faɗa mini a hankali, kada ki tsallake komai."

Ta matso kusa da shi a kan kututturen, ta ɗaga kofin, ta fara daga farko.