Takardar Gayyata ta Goma Sha Huɗu

Ranar takwas ga wata na huɗu muke tashin dodo daga barci, wato dogon jirgin ruwan bikinmu mai kan dodo. Bana mu goma sha tara muka shiga rafi, kuma ƙaramin cikinmu shekararsa arba'in da shida. Ina tsaye cikin laka har gwiwa na ƙirga mu sau biyu, ko wani ya ɓuya bayan wani.

Jirgin yana inda muka binne shi bara, ƙarƙashin ceɗiya, kamu saba'in na baƙin katako. Laka ce ke tsare shi, in ya sha rana wata biyu sai ya tsage. Muka datse ruwa, muka shiga kwasar taɓo da kwanoni da bokitai har gefensa ya fara bayyana.

"Koci, ka daina ƙirga mu kamar kifi a kasuwa," in ji Hoi, abokina tun muna yara, mai tafkin kifi da ƙaton tumbi. "Sauran za su zo ranar biki, ranar da aka gasa dinya."

"Ranar biki ake koyon tuƙi?"

"Ranar biki ake cin dinya. Kwashe gabanka."

Ni ne mai koyar da tuƙi a ƙauyenmu Lau Chung, ni ne kuma mai shirya bikin, don ba wanda ya yarda ya karɓi aikin. Amma ba ƙarancin mutane ne ya fi damuna ran nan ba. Duk shekara in muka zo wurin da katakon ya ɗan lanƙwasa kusa da mazaunin ganga, sai in ƙi kallonsa.

Shekara tara ke nan, a rana irin wannan, 'yata Sau-lin ta naɗe ƙafar wando ta faɗo cikin rafi da kwano a hannu. Shekararta goma sha tara. Tun tana ƙarama take kiɗa a kan garwar shinkafar gidanmu da sandunan cin abinci, har Baffa Bing, ƙanen mahaifina kuma babban dattijon dangi, ya taɓa cewa hannunta ya fi na 'ya'yansa maza uku. Ta kwashe laka kwano biyu, sannan ta dafa gefen jirgin, daidai inda katakon ya lanƙwasa, don kada ta zame. Mace ba ta taɓa jirgin dodo. Ko a kan gada ba ta tsayawa in zai wuce. Baffa Bing ni kawai ya kalla. Na daka mata tsawa ta fita. Da a nan na tsaya, da wataƙila ta manta. Amma sai na ɗauko ruwan ganyen lemo da muke wanke kan dodo da shi, na wanke wurin da ta dafa, tana tsaye a bakin rafi tana kallo, laka na zuba daga ƙafafunta.

Tun daga nan ba ta ƙara ganin watan biyar, watan bikin, a ƙauyen nan ba. Tana zuwa sabuwar shekara, ta kwana ɗaya ta koma Guangzhou. Da uwarta ta rasu ta yi kwana bakwai. Duk Lahadi tana bugo waya.

"Baba, ka sha maganin?"

"Na sha."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"To, sai wani makon."

Matar Hoi ce ta nuna min ta a waya, zaune a gaban wani farin jirgin roba, tana yi wa matan ma'aikatar ɗab'i inda take aiki kiɗa. Na kalla ya fi sau ɗari. Ita ba ta taɓa faɗa min ba.

Bayan an tono jirgi sai takardun gayyata. Ƙauyuka goma sha uku ne jiragensu ke ziyartar namu. Baffa Bing ne ke rubutawa da buroshi a kan jar takarda, ya buga hatimin ƙauye, ni kuma in kai a babur, hannu da hannu. Wanda aka miƙa wa takarda, in ba zai zo ba, sai ya mayar da ita cikin kwana uku. In ta wuce kwana uku a hannunsa, ya yi alkawari ke nan. Jirgin da ya zo da takarda kuwa ba a korarsa, ko wa ke ciki. Namu zai fita ya tarye shi, a shigar da makaɗinsa zauren kakanni, babban dattijo ya zuba masa shayi da hannunsa.

Ina niƙa wa Baffa tawada, yana rubutu a hankali don hannunsa ya fara rawa. Da ya gama ta goma sha uku na tura masa wata.

"Wannan ta wane ƙauye ce?"

"Ba ƙauye ba ne, Baffa. Wata ƙungiya ce a Guangzhou."

Ya ajiye buroshin. "Ta 'yarka."

"Baƙi ne. Da jirginsu za su zo. Ba namu za su taɓa ba."

"Jirgin roba, cike da mata."

"Ku ne kuka koya min cewa ba a tambayar baƙon jirgi wa ya ɗauko."

Ya daɗe yana duban hannunsa. Can ya ce, "Goma sha uku nake rubutawa tun kafin a yaye ka, Cheung. Hannun nan bai san goma sha huɗu ba." Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki sandarsa. "Zan je in duba tantabaruna. Ka rufe hatimin in ka gama tattara kaya, kada ya bushe."

Aji biyar na yi a makaranta, ban taɓa riƙe buroshi don rubutun gaske ba. Na ɓata takarda huɗu. Ta biyar ma layukanta sun karkace kamar shukar da iska ta kwantar, amma ana karantawa. Na buga hatimi.

Ran Lahadi na hau motar safe. Sau biyu na ɓata kafin in sami bakin kogin da suke atisaye. Na tsaya bayan wani shinge, takardar tana cikin leda a ƙirjina. Tuƙinsu ba laifi, sai dai matuƙiya ta huɗu a hagu tana shigar da filafili a makare. Na kama bakina.

Da suka fito ta hango ni, ta taho da sauri, sandunan kiɗa a hannu.

"Baba, me ya faru? Jikin ne?"

Na ciro takardar, na miƙa mata da hannu biyu kamar yadda ake yi, na faɗi abin da nake faɗa a kowane ƙauye. "Lau Chung na gaishe da jirginku. Ranar uku ga watan biyar ruwanmu a buɗe yake."

Wata gajeriya cikin matan ta leƙo. "Sau-lin, wannan ne tsohon naki? Kawu, ka zo neman mata ne? Mu ashirin da biyu ne, zaɓi."

"Rufe mana baki, Mui," in ji Sau-lin, idonta na kan takardar. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama. "Wannan ba rubutun Baffa Bing ba ne."

"Hatiminsa ne."

"Ya sani?"

"Ya je duba tantabaru."

Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, ba ta yi ba. "Sai na tambayi sauran. Ba ni kaɗai ke da jirgin ba."

"In ba za ku zo ba, cikin kwana uku ake..."

"Na san ƙa'ida, Baba. A can aka haife ni."

Ta saya min taliya a wata rumfa, ta raka ni tasha. Ba mu ƙara maganar ba.

Kwana ukun nan duk babur ɗin da ya shigo layinmu sai na leƙa. Takarda ba ta dawo ba. Na yi murna rabin yini, sannan na fara tunanin mutanen birni ba su damu da irin wannan ba, wataƙila tana cikin wani aljihu ta jiƙe. Lahadi ta bugo ta tambayi magani da abinci. Na buɗe baki in tambaya, sai na ji ta ce sai wani makon.

Da yamma muna atisaye da duk wanda ya samu zuwa, wata rana talatin, wata rana ashirin. Hoi ne ke riƙe ganga tunda hannun Baffa ya gaza, yana dukanta kamar mai korar tsuntsaye daga gona. In an tashi kowa ya tafi gidansa inda ake jiransa, ni in tsaya in ɗaure jirgi, in jera filafilai, in koma in dumama shinkafar safe. Garwar tana nan a kusurwar kicin, gefenta duk tabon sanduna.

Ana gobe biki na jera tebura a zauren kakanni. Hoi ya bi su da yatsa.

"Goma sha huɗu. Koci, ka fara tsufa, lissafi ya gudu."

"Bar shi a nan."

Ya dube ni, ya dubi teburin. "To. In ba su zo ba ni zan cinye rabonsu, kada ka damu."

Ranar uku ga wata tun da hantsi jirage suka fara shigowa, kowanne da lemarsa da tutocinsa, nokawut na tashi har hayaƙi ya rufe gada. Duk wanda ya shigo mu fita mu tarye shi, mu gitta juna sau uku, in kai makaɗinsa zaure. Ina tsaye a goshin jirginmu da tuta, bayan kan dodo da ɗanyen ganyen shinkafa a bakinsa. Kafin rana ta take, goma sha uku sun cika. Aka zauna cin abinci. Tebur ɗaya ba kowa, an ajiye masa dinya da kifi da ƙullin shinkafa a ganye, ƙudaje na zagayawa.

Rafinmu da teku yake tafiya. In ƙarfe biyu ta yi ruwa ya fara janyewa, ko kwale-kwalen kamun kifi ba ya wuce gada. Na bar zauren na sauka matakala ina duban alamar ruwa a jikin dutse. Ɗaya da kwata. Ɗaya da rabi. Baƙi suka fara saukowa suna kwance jiragensu.

Ganga na fara ji kafin in ga komai. Biyu a jere, ɗaya a ware, kiɗan Lau Chung, ba irin na Hoi ba. Sannan farin jirgin ya ɓullo daga bayan gada, ɗan ƙarami, bai kai rabin namu ba. A bakin babban kogi mota ta sauke su, suka tuƙo sauran hanyar. An ɗaure jar takarda a wuyan dodonsu.

"Kowa ya shiga jirgi," na ce. "Baƙi sun zo."

Suka shiga, amma da na ɗaga tuta, bakwai daga cikin manya suka ɗora filafilansu a cinya. Na san sunan kowannensu.

"Hoi, buga."

"Da wannan kiɗan nawa, a gaban wancan? Ka ci mutuncina yau." Ya buga.

Jirgin ya tashi da nauyi. Muka gitta su sau ɗaya, muka juya, sau biyu, sau uku. Duk gittawa tana wucewa kusa da ni har ina ganin zufa a goshinta, amma idonta na kan matuƙanta, yadda ya kamata makaɗi ya yi.

A matakala sai da ta bi ta gefen jirginmu kafin ta hau. Ta mayar da hannuwanta biyu baya, ta riƙe sanduna a can, ta wuce ba ta ko goge shi da riga ba. Na gani, na kuma san ta san na gani.

Zauren ya yi tsit da ta shiga. Baffa Bing na zaune gaban allunan kakanni. Ya ɗauki butar shayi, bakinta na ƙwanƙwasar kofi, rabi ya zube a tebur. Ta ɗauka da hannu biyu. Ya yi mata tambayar da ake yi wa kowane baƙon makaɗi.

"Jirgi daga ina?"

"Daga Guangzhou, ranku ya daɗe."

"Makaɗi ɗan wane dangi?"

"Tam."

"Mu ma Tam ne," in ji shi. "Sha, ya huce."

Ba su sami zama ba, ruwa na gudu. Mui ta kwashe dinyar duka a leda, Hoi na kallo kamar zai yi kuka. Na bi su har matakala.

"Ki kwana mana," na ce. "Na gyara ɗakin."

"Baƙon jirgi ba ya kwana, Baba. Kai ka san haka." Ta sa ƙafa ɗaya a jirgi, ta tsaya. "Amma ana mayar da ziyara."

"Namu ba zai kai Guangzhou ba. Wace mota za ta ɗauke shi?"

"To sai kocinsa ya zo. Ran nan na ga kana ta hararar ta huɗu a hagu."

"Tana makara."

"Ka zo ka faɗa mata. Ni ta daina jin maganata."

Suka wuce ƙarƙashin gada, ƙasan jirginsu na taɓa yashi. Na tsaya har kiɗan ya ɓace.

Ranar goma sha takwas muka mayar da dodo barci, mu goma sha huɗu. Muka cire kai da wutsiya muka kai zaure, muka cika cikinsa da laka har ya nutse. Da na zo wurin da katakon ya lanƙwasa na ɗan dafa shi, sannan na zuba kwanona a kai. Bakwai ɗin nan har yau biyu daga cikinsu ba sa amsa gaisuwata.

Gidan yana nan yadda yake, ɗakin da na gyara ba a shiga ba. Motar Guangzhou ƙarfe shida da kwata take tashi ran Lahadi, na rubuta a jikin kalanda don kada in manta.