Wanda Ya Faɗo Daga Bene

Wendell Kosko yana ta fama ya sauko da ƙafarsa ta hagu daga bas, direba yana tsaki, matarsa Odessa tana ƙasa riƙe da sandarsa. Kwat ɗin da ya sa ta yi masa yawa, rabonsa da ita tun bikin 'yarsu.

"Tsoho, bi a hankali," in ji Odessa. "Sinimar ba guduwa za ta yi ba."

Ranar ce ake sake nuna wani tsohon fim a garin Pasadena, labarin lauyan da giya ta lalata, wanda kusan kowa ya haddace. A ƙarshensa lauyan yakan gangaro daga matakalar benen kotu yana birgima har ƙasa. Fuskar ta jarumi Royce Halloran ce, amma jikin da ya birgima na Wendell ne. Darakta ya yi ta sa shi maimaitawa har ƙashin ƙugunsa ya tsage, kuma wannan faɗuwar aka zaɓa aka sa. Daga nan babu wanda ya ƙara kiransa aiki. A wurin wankin motoci ya tsufa, sunansa ma bai fito a ƙarshen fim ɗin ba.

Wata mata cikin masu shirya taron ta yi masa waya cewa za a kira shi kan dandamali. Shi ya sa har aski ya yi.

Aka zaunar da su can baya kusa da ƙofar banɗaki. Da aka zo wurin faɗuwar, zauren ya ja numfashi gaba ɗaya, sannan tafi ya ɓarke. Odessa ta kau da kai. Bayan faɗuwar nan ita ta yi wata da watanni tana yi wa mijinta wanka.

Da aka kunna fitilu sai ga Royce, ya rame, kansa fari fat, 'yarsa Corinne tana riƙe da hannunsa. Mai gabatarwa ya tambaye shi labarin benen. Royce ya yi murmushin nan nasa da aka sani, ya ce sun so su kawo wani ya faɗo a madadinsa, shi ya ƙi, da kansa ya yi. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Wendell ya jira a kira shi. Aka yi godiya, aka rufe taro.

A bakin ƙofa Corinne ta tare su tana murza yatsu. Ta ce ita ta roƙa a cire sunan Wendell. Ƙwaƙwalwar mahaifinta ta tafi, ko ita ba kullum yake ganewa ba, wannan labarin ne kaɗai ya rage masa cikakke, kuma da gaske ya yarda shi ya yi.

"Don Allah, Baba Wendell, ka bar masa."

"Ya bar masa?" in ji Odessa. "Ƙafa ya bar masa, yarinya. Me kuma ya rage?"

Wendell ya daɗe yana shirya maganar da zai yi a kan dandamalin nan, har ya gwada ta a gaban madubi da safe. Ba zagi ba ce, sunansa kawai yake so ya faɗa da bakinsa.

Sai ga Royce ya iso, ya miƙa masa hannu kamar yadda ya miƙa wa kowa. Idonsa ya tsaya a kan sandar.

"Abokina, me ya sami ƙafar?"

"Daga bene na faɗo."

Royce ya girgiza kai, tausayi na gaske a fuskarsa.

"Ba ka iya ba ne. Sakin jiki ake yi, a fara sa kafaɗa, kada a kalli ƙasa. Da ka zo wurina da na koya maka."

Wendell ya gane maganar. Shi ya faɗa wa Royce ita, kalma da kalma, suna shan gahawa a gindin benen, kafin a kira shi ya hau. Ya dubi Corinne, ta sunkuyar da kai. Odessa ta buɗe baki, ya matse mata hannu.

"Na gode, yallaɓai," ya ce. "Zan kiyaye."

Aka ja Royce zuwa motar da ke jiransa. Su kuma suka nufi tasha, Odessa tana gaba ba ta waiwayo ba. Babu benci a wurin, a tsaye suka jira bas.