Tagar Ɗakin Malam

Rabi'atu tana shimfiɗa sabon zanen gado a ɗakin marigayi mijinta lokacin da ta ji sallamar Dakta Nkechi. Malamar jami'a ce daga Gubi. Wata uku da suka wuce ta bi gidajen dutse na Tirwun tana ajiye wasu 'yan baƙaƙen gwangwanaye na auna iskar ɗaki, makon jiya kuma ta aiko aka karɓi na gidan.

Suka zauna a falo. Baƙuwar ba ta taɓa ruwan da aka kawo mata ba.

"Mama, abin nan da na bari a falo," ta ce da Hausarta ta kasuwa, "ka taɓa shi?"

"Na ɗauke shi. Amana ce, falo kuwa kowa shigarsa yake yi. Ɗakin Malam na kai shi na kulle."

Nkechi ta dubi takardar sakamakon awon da ke hannunta. "Shi ya sa. Duk unguwan nan babu lamba mai yawa kamar shi."

Ta yi bayani a hankali. Akwai wata iska, radon, da ke fitowa daga dutse da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ba ta da wari, ba ta da launi. A sarari ba ta zama, amma a rufaffen ɗaki takan taru, kuma wanda ya shafe shekaru yana shaƙarta tana iya taɓa masa huhu.

Rabi'atu ta saurara kamar ana ba ta labarin wani gari. Mijinta, Malam Mijinyawa, magini ne. Da hannunsa ya fasa dutsen bayan gida, ya gina ɗakin a jikin dutsen, yana alfahari da cewa ko a tsakiyar bazara ba a neman fanka a ciki. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Sau uku likitoci suka tambaye ta ko yana shan taba kafin su ce ciwon daji ne a huhu.

"Iskar ce ajalinsa?"

"Ba zan iya rantsuwa ba, Mama. Babu wanda zai iya. Mu je in ga ɗakin."

A ciki, Nkechi ta tsaya gaban wani wuri a bango inda siminti ya bambanta da dutse.

"Nan taga ne?"

"Taga ce. Da ya fara tari na ce sanyin asuba ne ke shigo masa. Ni na sa Zakka, abokin aikinsa, ya toshe ta. Shekara biyu ya ƙara a ciki."

Ta faɗe shi yadda ake faɗin ranar mako. Nkechi ta kawar da kai, sai idonta ya faɗa kan kaskon gawayi da ɗan gidan sauro na jarirai.

"Wa zai kwana a nan?"

"'Yata Habibatu. Shekaranjiya ta sauka, namiji. Gobe za a kawo ta wankan gida. Mai jego ba ta son iska."

"Ɗakin nan yana so, Mama. Kada kowa ya kwana sai an buɗe, na sake aunawa."

Bayan ta tafi, Rabi'atu ta yi sallar la'asar. Ta zauna a kan darduma tana jiran hawaye, ba su zo ba. Ta tashi ta yaye zanen gadon, ta ninke shi gida huɗu, ta kai falo tare da gidan sauron. Sannan ta aika a kira Zakka.

Ya zo da siminti a ƙafa, ya gaishe ta, ya bi yatsanta da kallo zuwa bangon.

"Hajiya, ai ni na toshe ta. Aikin ya tsage ne?"

"Aikinka ya yi kyau, Zakka. Ko iska ba ta wucewa."

Ta sunkuya ƙarƙashin gado, ta jawo gudumar Malam, ta miƙa masa.