Abincin Baƙin Ciki Ba Na Tela Ba

Kwana huɗu ke nan tela bai yi zaman minti goma a kan keken ɗinkinsa ba, saboda cikinsa ya lalace, ga kayan mutane jibge a kan tebur. A makon jiya likita ya ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yau kuma ya ce ya riƙa shan yogot, ya ci albasa da ayaba, wai don ya ciyar da ƙwayoyin.

'Yarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta ajiye masa faranti a gefen almakashi.

“Tsaya, 'yar nan. Na kashe su, yanzu kuma in yi musu girki?”

“Baba, maganin ne ya haɗa da na kirki ya share. Akwai wani sukari a albasa da cikinka ba ya iya narkarwa. Sai ya gangara hanji, na kirkin su daddatsa shi su cinye, su bar tsami irin na yogot. Tsamin nan ne miyagun ba sa so.”

“Wato ni ke taunawa, su ke ƙoshi?”

“Haka ne.”

“To idan miyagun suka riga su kai hannu fa?”

“Yawancinsu ba su iya datsa shi ba. Ci mana, Baba!”

Ya ci yana hararar farantin, sannan ya ɗora ƙafa a kan keke. Cikinsa ya yi ƙugi. Ya dakata ya kasa kunne, ya rasa ko godiya ake yi masa ko faɗa ne ya kaure. Da ya ji shiru, sai ya jawo rigar farko.